Dara Ta Ci Gida

Yau maganar wasa na kawo muku, amma kada ki ji na ce wasa ki ɗauka zancen yara ne ki tsallake shafi. Ki ɗan ara mini hankalinki tukuna, in tukunya na kan wuta ki rage mata itace.

Akwai wata mata a ƙasar Japan ana ce mata Yumi Hotta. Marubuciya ce, sai dai ita labaran zane take tsarawa, irin littattafan nan da ake zana mutane cikin akwati-akwati, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa, waɗanda su can suke kira manga. Wata rana ta zauna ta buga wani wasansu na gargajiya mai suna Go da surukinta, uban mijinta. Ni da na ji haka sai da na riƙe baki. Mu nan ko sunan suruki ba ki iya faɗa, balle a ce ki shimfiɗa tabarma ki zauna gaba da gaba da shi kina neman ki cinye shi. To, kowa da al'adar garinsu. Daga wannan zama ne dai tunani ya zo mata cewa za a iya gina labari a kan wasan nan. Ta tsara labarin, wani gwanin zane mai suna Takeshi Obata ya zana, wata ƙwararriyar 'yar wasan Go, Yukari Umezawa, ta riƙa duba musu don kada a yi kuskure a wasan. Suka sa masa suna Hikaru no Go, wato Go ɗin Hikaru. Ya fara fitowa a ƙarshen 1998 cikin wata mujallar samari mai suna Shonen Jump da ke fita duk mako, bai ƙare ba sai 2003. Da aka tattara shi ya ba da littafi 23. Daga 2001 zuwa 2003 kuma aka mai da shi katun na talabijin har kashi 75.

Shi wannan Go asalinsa daga ƙasar Sin ne, ya haura shekara 2,500 ana buga shi. Allo ne na katako mai layi 19 a tsaye da 19 a kwance, inda layukan suka haɗu ya kama wuri 361. Mutum biyu ke yi, ɗaya da baƙaƙen duwatsu, ɗaya da farare. Kowa ya ajiye dutse ɗaya sai ya jira abokin karawarsa, kuma dutsen da aka ajiye ba ya motsawa sai in an kewaye shi an cinye. Wanda ya kewaye fili mafi yawa shi ya yi nasara. Ki ɗauka manoma biyu ne a fadamar Rima, kowa na kafa turakun iyaka yana son gonar shinkafarsa ta fi ta ɗan'uwansa faɗi, ba zagi ba dambe, sai dabara.

Kafin littafin nan ya fito, yaran Japan kallon wasan tsofaffi suke yi wa Go, wasan kakanni masu furfura da suka gama aiki ba su da abin yi. Ita kuwa Yumi Hotta ba ta ɓoye wannan ba, da shi ma ta buɗe labarinta. Yaron nata, Hikaru, ɗan aji shida ne na firamare, ba ya son karatu, an yanke masa kuɗin kashewa, ya shiga ɗakin ajiyar kakansa yana neman tsohon kayan da zai sayar. Nan ya ci karo da wani tsohon allon Go, ashe akwai kurwar wani mutum mai suna Sai a maƙale da shi. Shi Sai, a cikin labarin, malamin Go ne a fadar sarki shekara kusan dubu da suka wuce, abokin hamayyarsa ya yi masa maguɗi kuma ya ɗora masa laifin, aka kore shi daga birni, baƙin ciki ya sa ya faɗa ruwa, wa'iyazu billahi. Mu Musulmi mun san wanda ya mutu ya tafi ke nan, babu wata kurwa da ke zama cikin katako. Ƙagen marubuci ne, kamar yadda tatsuniyoyinmu ke cike da Dodo da Gizo, kuma in 'yarki na kallo ya kamata ki gaya mata haka da bakinki.

Abin da ya kama zukatan yara shi ne abin da ya biyo baya. Da fari Hikaru ko riƙe dutsen bai iya ba, Sai ne ke gaya masa inda zai ajiye. Da haka ya je ya cinye wani yaro sa'ansa mai suna Akira, ɗan babban zakaran ƙasar, wanda tun yana ƙarami ake horar da shi. Akira ya kasa barci, ya shiga bin Hikaru lungu-lungu yana son su sake karawa. Shi kuwa Hikaru abin ya fara yi masa ciwo, don ya san ba shi ake nema ba, wanda ke bayansa ake nema. Daga nan ya ƙudura sai ya koya da kansa, ya sha kaye, ya yi kuka, ya tashi ya sake. Can gaba aka wayi gari Sai ya ɓace ba sallama. Yaron nan ya daina wasa ɗungum, yana ganin shi ya hana malaminsa bugawa. Sai ranar da wani abokinsa ya matsa masa suka zauna, yana cikin ajiye duwatsu ya ga salon malaminsa na fitowa daga hannunsa. Wallahi duk wadda ta taɓa rasa uwa ko kaka, ta tsinci kanta tana tuƙa tuwo daidai yadda marigayiyar ke tuƙawa, ta san abin da wurin nan ke nufi.

Kafin a ce kwabo yara sun cika wuraren koyon Go a Japan, iyaye na sayen allo, kakanni na mamakin jikoki sun zo suna cewa a koya musu. Abin ya tsallaka Koriya da Taiwan, ya kai Turai da Amurka da aka fassara littafin, a 2020 ma mutanen Sin suka mai da shi fim mai dogon zango da 'yan wasansu. A cikin ƙwararrun Go na yau akwai waɗanda ke faɗa da bakinsu cewa littafin nan ne ya fara sa su taɓa dutse.

Na daɗe ina juya abin a raina, a matsayina na mai rubutu. Matar nan ba ta tsaya tana yi wa yara wa'azin ku riƙe al'adun kakanninku ba. Ko dokokin wasan ba ta cika littafin da su ba, mutum na iya karance shi kaf bai iya bugawa ba. Koyarwar sai aka bar ta a ƙarshen kowane kashi na katun ɗin, inda Yukari Umezawa ke fitowa na ɗan lokaci tana nuna wa yara. Abin da marubuciyar ta yi kawai shi ne ta sa mai karatu ya damu da wanda zai ci. Ta zuba kishi da abota da maraici da son a san da kai a kan allon katako, har ya zama in an ajiye dutse ɗaya gabanka sai ya faɗi. Yaro kuwa in ya ga wanda yake so yana kuka a kan abu, to sai ya nemi sanin mene ne abin.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A 2007 wata mai suna Chica Umino ta fara nata a kan wasan shogi, darar Japan mai sarki da dakaru, labarin wani maraya da wasu 'yan'uwa mata uku maƙwabtansa ke kira gidansu suna ciyar da shi. A shekarar nan dai wata kuma, Yuki Suetsugu, ta fara Chihayafuru a kan wasan katin waƙoƙinsu na da, tauraruwar ma yarinya ce, ta kai shi littafi 50 kafin ta rufe a 2022, 'yanmatan sakandare suka yi ta kafa ƙungiyoyin wasan a makarantunsu. Ki lura da kyau, 'yar'uwa, su ukun nan duka mata ne.

Yadda aka yi na san wannan labari kuwa, 'yar yayata ce, tana ƙaramar sakandare, suna zaune a Gesse nan Birnin Kebbi. Na je gidan na tarar ta zana layuka a bayan kwali, ta tara marafan kwalaben lemo, wasu a kife wasu a buɗe, ita da ƙaninta suna ta gardama. Ta ce mini, "Anti, don Allah in kin shiga babbar kasuwa ki tambaya mini ko ana sai da allon Go." Ashe a wayar uwarta take kallon katun ɗin, ta haddace sunayensu kaf. Na ce, "To ke kin iya dara?" Ta yamutsa fuska ta ce, "Dara kuma Anti? Ba ita ce tsofaffi ke yi a gindin dogon yaro ba?" Na yi dariya har da riƙe ciki, don maganar da Hikaru ya fara yi wa Go ke nan, ita ce ta maimaita wa tamu ba ta sani ba.

To bari in tuna wa wadda ta manta, in kuma gaya wa wadda ba ta taɓa sani ba. Dara iri biyu muka taso muka gani. Akwai ta maza, wadda ake tona 'yan ramuka a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, gida 30 ke nan, wasu wuraren kuma sukan ƙara layi. Kowa na da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe tsinkayen kara, ɗaya ya riƙe tsakuwa ko ƙwallon dabino. Da fari ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba lokacin dashe. In an gama sai a shiga turawa, gida ɗaya kacal, gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku a layi sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda, in kuwa huɗu suka jeru ba ci. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku an gama da shi. Zabarmawa dili suke ce mata, wasu Hausawa kuma doki. Abin da zai ba ki mamaki, littattafan Turawa da suka tattara wasannin duniya in sun zo kan dara sunan Dakarkari suke ambata, wato Lelna, mutanenmu na ƙasar Zuru a nan jihar Kebbi. Yara a makarantun Turai na iya cin karo da ita a littafi, namu kuwa na wuce ta a bakin hanya suna latsa waya.

Sai kuma tamu ta mata, ta cikin gida. Gida 12, shida naki shida na abokiyar wasanki, kowane gida 'ya'ya huɗu, 48 ke nan. Ki kwashe gida ɗaya ki bi kina zuba ɗai-ɗai, inda na ƙarshe ya faɗa in da wasu a ciki ki kwashe ki ci gaba, in ya faɗa gidan da ba kowa kin kwana. Duk gidan da ya cika huɗu an ci. Idan aka gama zagaye kowa ta mai da abin da ta samu cikin gidajenta, wadda nata suka yi rara sai ta mamaye gidan ɗayar. Nan ne za ki ji an ce an ci gida. Har yau muna cewa dara ta ci gida in abu ya juyo kan mai shi, 'yan jarida ma na rubutawa, amma ki tambayi 'yar shekara goma sha biyar wane gida ne dara ta ci, ki ji abin da za ta ce miki.

Ni a wurin kakata na koya, Allah Ya jiƙanta. A tsakar gida take tona ramukanta bayan la'asar, ƙasa ta yi laushi don yawan hannu. In na yi gaggawar kwasa sai ta buge mini hannu ta ce, "Ke kishiya, ƙirga kahin ki ɗauka. Wadda ba ta ƙirga ba ita aka cinye ma gida." Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana duban gida mai 'ya'ya goma sha uku ta gaya miki inda na ƙarshe zai sauka, da wanda zai biyo bayansa. A wurin nan ake jin labarin unguwa, a wurin amarya ke sakin jiki da dangin miji, a wurin kishiyoyi biyu da ba sa ga-maciji kan zauna dole, don dara ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Sannu a hankali ludo ta shigo ta ture ta. Ludo ɗin ma asalinta wasan gargajiyar Indiya ne da Turawan Ingila suka sake wa fasali, kuma ita sa'a ce, abin da ƙwaya ta ba ki shi za ki bi. Yanzu ludon ma ta koma cikin waya, siminti da tayil sun rufe tsakar gida, ko wurin tona rami babu. Kowace mace na ɗakinta ita kaɗai da wayarta, ta gama aiki kaɗaici ya dame ta, maƙwabciyarta ma haka, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Yarbawa dai sun riƙe tasu. Ayo, wadda 'yar'uwar darar mata ce, sun sassaƙa mata allo na katako mai kyau, ana sayarwa, har a gasar wasanni ta ƙasa ana buga ta tare da dambe da kokawa da langa.

Inda zancen ya dawo kanmu shi ne alƙalami. Babu wanda zai gaya wa matan Hausa ƙarfin littafin labari. Tun shekarun 1990 da littattafan Kano suka cika kasuwa, su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Anti Bilki Funtuwa suna tashe, mata nawa ne suka koyi girki da haɗin turare da iya magana da miji daga littafi? Yarinya nawa aka raɗa wa suna don uwarta ta so wata tauraruwar littafi? Wasu ma komawa makaranta suka yi don sun karanta labarin wadda ta zama likita. Yau littafin ya koma WhatsApp da Wattpad, ana karanta shi a rediyo da YouTube, masu saurare sun ma fi na da yawa. Amma ki buɗe goma a cikinsu, tauraruwar na falo mai sanyi tana kallon fim, ko tana jirgi za ta Dubai. In an sako tsohuwa to ko dai boka za ta kai mutum ko kuma ta zauna tana zuba nasiha shafi uku, mai karatu na tsallakewa. In kuwa aka tuna da al'ada sai a tsai da labari a yi mata huɗuba. Huɗuba kuwa wurinta daban. Yarinya ba ta son abu don an ce mata na kakanninta ne, tana son shi ne in ta ga wadda ta burge ta ta ɗauke shi da zafi.

Na san za a ce mini ɓata lokaci ne, wani maigidan ma zai ce ya hana. Gaskiya ce duk wasan da aka sa wa kuɗi ya zama caca, caca kuwa haramun ce babu ja. Wanda ya sa aka kira salla kina zaune, ko yaro na kuka kina ƙirga tsakuwa, ko tuwo ya ƙone, shi ma ba alheri a cikinsa. Malamai sun yi maganganu a kan wasanni iri-iri, wadda ke da shakka ta tambayi malamin Islamiyyarsu, shi ya fi ni sani. Abin da na gani da idona dai, kakata ba ta taɓa bari kiran magariba ya same ta a kan dara ba, ana fara alwala take share ramukan da tafin hannu ko da ita ke kan ci. Sa'annan mai cewa dara ɓata lokaci ce, ya duba awa nawa waya ke ci a gidansa.

Kada kuma in yi miki daɗin baki. A Japan ɗin ma da littafin ya ƙare guguwar ta lafa, yawan masu buga Go ya sake raguwa. Labari na iya kawo yaro bakin ƙofa, amma sai in akwai wanda zai buɗe masa. Su suna da hukumar Go mai suna Nihon Ki-in tun 1924, da jarrabawar zama ƙwararre, da gasa mai kyautar kuɗi, duk da haka sai da abin ya ja baya. Mu fa? Hukumarmu ita ce tsohuwar nan da ke ɗakin ƙofa, da dattijon da ke gindin dogon yaro a Makera Gandu ko bakin kasuwar Argungu. Ba a rubuta dabarunsu a ko'ina ba, a kai suke, kuma kullum sai an yi jana'iza. 'Yar yayata da na kai ta wurin wata gwaggonmu, cikin sati biyu ta iya zuba, har tana cewa ai wannan ta fi sauri, ba sai an jira an sayo allo ba. Kwandon ƙwai na kwali ta yanka gida shida-shida ta zuba ƙwallayen tsamiya, tunda gidansu tayil ne. Gwaggon kuwa da take kwana ta tashi ba mai leƙa ta sai an kawo abinci, yanzu kullum la'asar tana tambaya ko kishiyarta ta zo.

Littafin da ke hannuna yanzu a Argungu na kafa shi. Amarya ce 'yar Birnin Kebbi aka kai ta gidan gandu, ba ta san kowa ba, uwargida ba ta amsa gaisuwarta, miji na bakin kogi tun asuba. A gidan akwai kakar miji, wadda aka ce shekara arba'in ba a taɓa cin gidanta a dara ba, kuma duk abin da ta faɗa a gidan shi ake yi. Ranar da amarya ta kwana bakwai, tsohuwar ta aika a kira ta, ta nuna mata ramuka ta ce, "Zamna, ɗiyag ga, mu gani ko mutanen birni sun iya ƙirga." Matan gida suka kewaye su, uwargida na tsaye jikin rumbu ta naɗe hannu. An yi zagaye biyu ba wadda ta ci wata. A na uku amarya ta duba ta ƙirga a zuci, ta sake ƙirgawa, ta ga in ta kwashi gida na uku daga hagunta to sai ta ci gidan tsohuwa a gaban kowa. In ta kwashi na biyar kuwa za ta faɗi, ba wanda zai gane da gangan ta yi, sai fa ita tsohuwar, wadda tun ɗazu ba ramukan take kallo ba, hannun amarya take kallo. Nan na tsai da babi na huɗu, kuma mata uku da na ba su karanta sun riga sun rabu gida biyu a kan wanda ya kamata ta kwasa.